Kundin Masu Fita

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga mahaifinka, Alhaji Hamisu Sule na kasuwar Kanan da ke Guangzhou a ƙasar Sin, uban 'yan jins na hawa na biyu, wanda in ya shigo Xintang, garin masana'antun jins, masu ɗinki ke kashe keke su miƙe tsaye, zuwa ga ɗana Naziru. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sauke jirginku a Kanada lafiya kamar yadda ya ɗaga shi daga filin jirgin Baiyun lafiya. Allah ya tsare ka daga sanyi, da mugun aboki, da naman da ba ka san wanda ya yanka ba.

Na sa an cusa takardar nan a aljihun rigar sanyinka, don na san a zafin Guangzhou ba za ka sa hannu a ciki ba sai jirgi ya yi nisa. Kamar kullum tun da idona ya yi rauni, ni nake faɗa, ƙaninka Jamilu yake rubutawa. Kada ka yi wa bokonsa dariya. A waya ya koya, ba aji ba malami, kuma duk da haka ya fi na wasu masu digiri kyau. Ba sai na kama suna ba.

Ba labari zan ba ka ba, ɗazu muka rabu. Kurakuraina zan zazzage maka, ka tsinci abin da zai amfane ka.

Amma bari in fara da abin da ke cikin jakar da ke kan cinyarka, don ban tabbata ka san me ka ɗauka ba. Gafakar fatar nan, kai kana ganin tarin takardu ne masu warin tsohuwar adaka. To, kundin gidanmu ne. Kakan kakana, Malam Buhari, shi ya fara shi ranar da ya bi ayarin goro zuwa Gwanja. Ƙa'idarsa ɗaya ce tal. Duk ranar da wani ɗan gidan ya ɗaure kaya zai bar gari, maigida ya jiƙa alƙalami ya rubuta layi guda da ajami: wane ɗan wane ya fita zuwa wuri kaza. In ya komo, a ƙara a gefe: ya dawo. In bai komo ba, a bar gurbin haka. A ciki za ka ga waɗanda suka zauna a zangon Kumasi. Za ka ga waɗanda suka tafi hajji a ƙafa, suka maƙale a Sudan suna noman auduga har suka yi jikoki. Za ka ga mahaifina zuwa Agege, ka gan ni zuwa nan. Na ce za ka gani. Ban ce za ka karanta ba.

Kuskurena na farko a Agege na yi shi, ina saurayi mai ji da kansa. Mahaifina ya ba ni ajiyar kundin, na tura shi ƙarƙashin gado tare da takalma, na tafi kallon ƙwallo. Aka kece da ruwa irin na Legas. Kafin in dawo, silifas ɗina suna yawo a tsakar ɗaki. Shafi na huɗu ya sha ruwa. Mutum uku ne a jikinsa, duk gabas suka nufa, kuma yau ba mai rai ɗaya da ya san sunansu. Sai wani tabo mai ruwan ƙasa ya rage. Mahaifina bai dake ni ba. Ya ɗaga takardar a rana ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Hamisu, yau ka binne mutum uku." Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Saboda haka, Naziru, kada gafakar nan ta taɓa ƙasa. Kada ka ajiye ta kusa da butar shayi, na san halinka, ko littafinka na jami'a duk zoben kofi ne a jiki. Ƙaninka shekara uku yana riƙe da ita, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Yaron akwai tsafta.

Kuskure na biyu a garin nan na yi shi, zuwana na farko. Ban iya Sinanci ba sai nihau da shiyeshiye, wato sannu da na gode, amma girman kai ya hana ni in nemi tafinta. Na je Xintang, lawban ɗin wata masana'anta, wato maigidan wurin, yana ta nuna mini hotuna yana tambaya, ni kuwa duk abin da ya ce sai in gyaɗa kai in ce hawu, hawu, wato ya yi kyau. Kaya suka sauka Kano, aka farke dila a Kantin Kwari, sai ga wanduna duk gwiwa a yage. Ashe yayi ne, ni na zaɓa da kaina. Dattawan layinmu suka kewaye ni. Wani ya zura yatsa a hujin ya ce, "Alhaji, a Sin ɗin ma akwai ɓeraye haka?" Sai da na yi wata biyu ana kirana Alhaji Gwiwa. To, ɗana, in ba ka gane ba, ka ce ban gane ba. Ba wanda ya taɓa mutuwa don ya faɗi haka. Kuma kai musamman nake ja wa kunne, saboda abin da ka yi a gaban Yakubu Bature.

Ka tuna shi ai. Dogon Baturen nan mai malafa da wandon leburori mai igiya a kafaɗa, wanda muka haɗu da shi bara a Xintang, ni da kai da Jamilu. Ya zo ɗinka wa manoman garinsu irin wandon jikinsa. Lawban ya ce yadin da muke so meyo, wato babu, sai bayan azahar, muka zauna dukanmu a benci ɗaya muna jira. Sunansa na can ya yi mana nauyi, muka mayar da shi Yakubu, bai damu ba. Ya ce daga Belize yake, wata 'yar ƙasa a gindin Meziko, kuma mutanensa Menonayit ake ce musu. Kiristoci ne, amma irin nasu daban: ba sa ɗaukar bindiga, ba sa rantsuwa, kuma a gida wani tsohon Jamusanci suke yi. Na tambaye shi ta bakinka, me ya kai Bature mai Jamusanci gindin Meziko? Sai ya buɗe jaka ya zaro littafi.

Naziru, ban taɓa jin kishin ɗan Adam ba irin na ranar nan. Ba kan kuɗi ba, ba kan kwantena ba, kan littafi. Hoton takardun gidansu ne aka haɗa aka ɗinke. Ya buɗe mana tun daga kakanninsa da suke janye ruwa daga fadama a Turai suna noma. Daga nan aka ba su ƙasa a Rasha, suka yi ƙauyuka. Da aka ce 'ya'yansu za su shiga soja, suka ɗaure kaya sai Kanada. Da Kanada ta ce dole yara su shiga makarantar gwamnati, suka sayar da gonaki suka hau jirgin ƙasa sai Meziko. Da ƙasar noma ta yi musu kaɗan, wasu suka gangara Belize suka sare daji. Kuma komai a rubuce: jirgin ruwan da suka hau, wanda aka haifa a hanya, wanda ya rasu aka binne shi inda ba kowa nasu, har agogon bangon da wata tsohuwa ta ƙi bari a baya. Ka dai ji da kyau. Mutane sun sayar da gonaki sun bar Kanada don gudun boko, kai kuma ka sayi rigar sanyi za ka je can ka ƙaro. Allah mai iko. Jamilu ya ce da a zamaninsu yake, shi za su naɗa sarki.

Kishin nan ne ya sa na ce masa, mu ma muna da namu, gobe ka zo Kanan ka gani. Ya kuwa zo. Na sa aka share teburin shago, aka kwance gafaka. Kai ka yi tsalle ka karɓi takarda, ka gyara tabarau, ka fara: wannan Malam Buhari ne, ya fita zuwa Gwanja. Da ka kake faɗa, don ka sha jin ana karantawa. Sai ƙaninka ya matso ya ce a hankali, "Yaya, shafin Sudan ne a hannunka." Ka ce masa, "Kai dalla je ka kawo wa baƙo shayi." Ya je ya kawo. Da ya dawo ka kakare a layi na biyu, dole ka miƙa masa. Shi ya karanta shafi goma sha ɗaya, ba gargada, har inda tawada ta koɗe, kai kana juyawa zuwa Turanci. Da aka gama, wa Yakubu ya riƙe wa hannu da hannu biyu? Kai. Da wa aka yi hoto, kundi a tsakiya? Kai. Wa ya ɗauki hoton? Ka san shi.

A wurin ne Yakubu ya ce ainihin takardunsu suna Kanada, a wani ɗakin ajiya mai sanyi inda ake sa safar hannu kafin a taɓa, kuma akwai na'urar da ke ɗaukar hoton kowane shafi don ko ya lalace a samu. Ya ce tunda kana neman karatu a can, ka tafi da namu a yi masa haka. Ni kuma ban shawarci kowa ba na ce to. Ban dubi fuskar yaron da yake karanta mini shi duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ba. Wannan ma ka sa shi a cikin kurakurai, ban san na nawa ba ne, lissafi ya fara ruɗe mini.

Amma babban bai zo ba tukuna. Yakubu ya shanye shayinsa, ya sake duba takardunmu, sai ya ce, "To ina waɗanda suka zauna?" Ka fassara, na ce ban gane ba. Ka ga ni na koyi darasi. Sai ya buɗe nasa ya nuna mana. A gefen wasu sunaye akwai 'yar alama. Ya ce waɗannan su ne suka ƙi tafiya, ko aka bar su riƙon gona da tsofaffi a Rasha. A bayan littafin ga wasiƙunsu, na farko dogaye, na baya gajeru, sannan babu. Ya ce kakarsa duk sabuwar shekara takan tara su ta karanta sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, kuma da su take farawa kafin masu tafiya. Na yi dariya na ce, "Mu ba ma rubuta na gida. Na gida ai ana ganinsa." Ka fassara, shi ma ya yi murmushi, aka yi sallama. Ka raka shi bakin titi ka nema masa tasi.

Kai ba ka ga abin da ya biyo baya ba. Na zauna a kan dilar jins, na cire hula na ɗora a gwiwa. Wani ɗan Zinder ya leƙo yana tambayar farashi, ban ma ɗaga kai ba. Can na ce, "Inuwa ba ya ciki."

Baffanka Inuwa, ƙanina. Duk muka watse, shi ya zauna a gidan Fagge. Shi ya yi jinyar kakarku shekara da shekaru, shi ya aurar da gwaggwanninku, shi yake hawa rufi duk damina. Duk wanda aka rubuta wa "ya dawo" a kundin nan a zamaninmu, Inuwa ne ya buɗe masa ƙofa ya shimfiɗa masa tabarma. Shi ya kai Jamilu makarantar allo a kan kekensa, shi ya yanka rago ranar saukarsa ina nan ina fama da biza. Bai taɓa wuce Zariya ba. Ya rasu bara waccan, kuma ko wasali ɗaya na sunansa babu a takardun da ka rungume. Jikokinku za su san sunan wani da ya je Kumasi ya manta da mu, ba za su san wanda ya riƙe musu gida ba. Ɗana, in ka isa can, kada ka ɗauka kai kaɗai ne ka yi tafiya. Wani ne ya zauna, shi ya sa ka iya tashi.

Saura ɗaya. Allah ya ba ni maza biyu, na raba su kamar kayan kago da ake aikawa gida: wannan na jirgin sama, wannan na ruwa. Na ce Naziru boko, Jamilu allo, ban tambayi ko ɗayanku ba. Da ka zo jami'a a garin nan na jiƙa alƙalami na rubuta ka. Shekaranjiya na sake sa aka rubuta ka: Naziru ɗan Hamisu ya fita zuwa Kanada. Sau biyu ke nan, kai kaɗai a tarihin gidan. Kuma da hannun wa aka rubuta na biyun, tunda ni ba na gani? Da hannun wanda ya taso daga Kano, ya kwana a filin jirgi biyu, ya sauka a Baiyun da jaka ɗaya. Ranar da ya zo ya ce, "Baba, ni ba za a rubuta ni ba?" Na ce, "Kai ai shago ka zo. Daga gida zuwa gida ba fita ba ce." Ya yi dariya, don shi komai dariya yake mayarwa, ya sa wa Usaini mai kago barkono a shayi, aka wuce wurin. To ban san yaron ya riƙe abin ba. Yaro mai zurfin ciki, ga ilimi, ga iya ciniki da Sinawa, ga kyau, don ko 'yan matan da ke sayar da maɓalli a hawa na ɗaya sun shaida.

Saboda haka, a matsayina na mahaifinka, na umarce ka, kana sauka kada ka sha ko ruwa, ka nemi 'yan kago ka juyo da gafakar nan zuwa ga mai ita na gaskiya, tare da rigar sanyin, da agogon da na ba ka, da

A'a. Ya isa haka. Hannuna ma ya gaji da yin muryar tsoho.

Yaya, ni ne. Baba bai faɗi ko kalma ɗaya a cikin takardar nan ba, bai ma san da ita ba. Yana can hawa na uku wajen Alhajin Maraɗi suna gardamar kuɗin Nijar, ni kuma ina kan dilar nan da ya zauna a kai ranar. Na san tun wajen 'yan matan maɓalli ka gane, in ma ba tun wajen masu ɗinki da ke miƙewa tsaye ba. Ba wanda ke miƙe wa Baba a Xintang, ko kujera sai ya nema.

Amma ban yi maka ƙarya a kan abin da ya faru ba. Ruwan Agege gaskiya ne, Alhaji Gwiwa gaskiya ne, tambayi kowa a Kwari. "Inuwa ba ya ciki" da kunnena na ji, kuma bai sake tayar da maganar ba har yau. Abin da na ƙara kawai shi ne inda Baba yake cewa ya yi kuskure a kaina. Wannan bai taɓa faɗa ba. Na so in ga yadda zai yi kama a rubuce.

Ina kishinka, Yaya. Na faɗa, ka huta. Ba Kanada nake wa ba, ni ko fanka ta yi yawa sai mura. Kundin nake wa. Ranar Talata na zare shi daga jakarka na sa samfurin aljihun jins a gafakar, nauyinsu ɗaya, na gwada a sikelin Usaini. Da sai a ɗakin sanyin nan, an sa safar hannu, Turawa sun kewaye ka, za ka kwance ka ga aljihu goma sha biyu. Na yi yini guda ina dariya ni kaɗai har Baba ya ce ko aljanu ne. Da la'asar na tuna shafi na huɗu, na dubi rufin shagon nan da yake ɗiga duk lokacin ruwa, na mayar maka da shi. Ka duba, yana nan. Na san yanzu ka duba.

Sai dai ba yadda ka san shi yake ba. Buɗe shafin ƙarshe. A ƙarƙashin layinka akwai layi biyu sababbi. Tawadar da muka zo da ita daga Kano a kan sunanka ta ƙare, sai na sayi ta Sinawa a shagon tsohon nan mai sayar da burushin rubutu, shi ya sa suka fi duk na kundin baƙi. Tunda ba za ka iya karantawa ba, ga abin da suka ce. Na farko: Inuwa ɗan Sule, ya zauna, ya riƙe gida. Na biyu: Jamilu ɗan Hamisu, ya zauna, ya riƙe shago.

Na san ba ni da hurumi. Maigida ke rubutawa, ko ya sa a rubuta, kuma tun Malam Buhari ba a taɓa sa kalmar "ya zauna" a ciki ba. Yanzu abin yana hannunka. Reza ɗaya ta isa ta kankare su, ko ka ce wa masu na'ura su tsallake shafin, ba wanda zai sani. Abin da nake roƙo, in za ka kankare, ka kankare nawa, ka bar na Baffa. In kuma za ka kai ƙarata wajen Baba, ka bari sai ya ci abincin rana, kuma ka fara karanta masa layin farko kafin na biyu.

Duk Juma'a in kun sauko daga masallaci ka kira ni, ka haska mini shafi ɗaya a waya in karanta wa Baba, kai ma ka saurara ko ka koyi wani abu. Zan ce masa Yaya ne ya kawo shawarar, ka sha yabo kamar yadda ka saba.

Af, akwai saƙon Baba na gaskiya. Da safe na ce masa, "Baba, ba za a rubuta wa Yaya wasiƙa ba?" Ya juya fuska wajen bango kamar yana ƙirga dila, ya ce, "Ka ce masa ya riƙe sallah, kuma ya riƙa rufe wuyansa." Ke nan. Sauran duk ni ne.

Allah ya kai ka lafiya, Yaya, ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka abin da ka je nema. Allah ya sa da hannuna zan rubuta "ya dawo" a gefen sunanka. Na bar gurbin da faɗi, kuma tawadar Sinawan nan kwalba guda ce, ba ta ƙarewa.

Wassalam.

Ba Alhaji Hamisu ba, ba uban 'yan jins ba,
ƙaninka dai, mai kawo wa baƙo shayi,
Jamilu.